Tambaya kan Ishaya 7:14, da Ahaz ake ko da Yesu ake?

Malama_Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah inada tambaya, kuma ba neman gardama ya kawo ni ba. Ina shirya darasin Kirsimeti na ajin matasa a makarantar Lahadi, sai nace bari in karanta Ishaya sura 7 gaba ɗayanta maimakon aya 14 kaɗai da muka haddace tun muna yara, wato budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa a raɗa masa suna Immanuwel. Toh abinda na gani shine annabi Ishaya da sarki Ahaz yake magana, lokacin da sarakuna biyu suka haɗa kai za su ci Urushalima da yaƙi, kuma aya 16 tace kafin yaron ya san ƙin mugunta da zaɓar nagarta ƙasar sarakunan nan biyu za ta zama kufai. Tsakanin Ahaz da haihuwar Yesu shekara sama da 700 ne. Ta yaya yaron da za a haifa bayan shekara 700 zai zama alama ga mutumin da maƙiya ke bakin ƙofarsa a ranar? Ni na gaskata Yesu ne Almasihu, wannan babu shakka a zuciyata, amma yaran nan kowa da waya a hannunsa, ranar da ɗaya ya tambaye ni bana so in ce masa ka gaskata kawai ka yi shiru.

Godiya_Kaf: Ai Matiyu 1:22-23 ya gama magana Malama. Yace duk wannan ya faru ne domin a cika abinda Ubangiji ya faɗa ta bakin annabi. In Ruhu Mai Tsarki yace da Yesu ake, ni kam ya ishe ni.

Malama_Rifkatu: Na yarda 'yar'uwa, ba musu nake da Matiyu ba. So nake in gane yadda ya karanta wurin har ya ga Yesu a ciki.

Pasto_Dauda: Malama sannu da ƙoƙari, matambayi ba ya ɓata. Bari in fara da labarin saboda waɗanda basu buɗe surar ba. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Assuriya ce babbar daula mai haɗiye ƙananan ƙasashe, sarkinta Tiglat-filesar. Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila ta arewa suka ƙulla ƙawance suka taso wa Yahuza, niyyarsu su tuɓe Ahaz su naɗa wani da ake ce wa ɗan Tabeyel. Ku riƙe wannan da kyau, domin da sun yi nasara gidan Dawuda ya ƙare kenan, alhali a 2 Sama'ila 7 Allah ya yi wa Dawuda alkawari gadon sarautarsa zai tabbata har abada. Ishaya ya je ya sami Ahaz a wajen magudanar ruwan birni tare da ɗansa Sheyar-yashub, yace masa ka kwantar da hankalinka, ka roƙi alama kowace iri kake so. Ahaz yace shi ba zai gwada Ubangiji ba, in ka ji maganar sai ka ɗauka mai tsoron Allah ne, amma 2 Sarakuna 16 ya nuna mana ya kwashi azurfa da zinariyar Haikali ya aika wa sarkin Assuriya yazo ya cece shi. Daga nan ne Ishaya ya juya yace ku ji ya gidan Dawuda, Ubangiji da kansa zai ba ku alama. Kenan ba Ahaz kaɗai aka yi wa maganar ba, gidan sarautar ne gaba ɗaya. Kuma abin ya faru, a 732 Dimashƙu babban birnin Suriya ta faɗi aka kashe Rezin, Feka ma Hosheya ya kashe shi, a 722 Samariya babban birnin Isra'ila ta arewa ta faɗi. Abinda aka koya mana kuma nake riƙe da shi shine annabcin yana da cika na kusa da cika na nesa. Kamar mai tafiya ne a hanyar Bauchi zuwa Jos, daga nesa sai ka ga duwatsu biyu kamar manne suke da juna, sai ka iso gindin na farko ka ga ashe da sauran tafiya mai nisa kafin na biyu.

Yohanna_Billiri: To Baba Pasto wanene yaron na kusa? Dole dai an haifi wani a lokacin.

Ɗan_Wusasa: Mutum biyu aka fi ambata. Na farko Hezekiya ɗan Ahaz, kuma wannan tsohuwar amsa ce ta Yahudawa, tun wajen shekara ta 160 bayan haihuwar Almasihu akwai rubutun Yustin Shahidi inda yake muhawara da wani Bayahude mai suna Tirifo, shi Tirifo yace Hezekiya ake nufi. Amma lissafi bai ba shi ba, Ahaz shekara 16 ya yi a sarauta, Hezekiya kuma yana da shekara 25 ya hau, kun ga an haife shi tun kafin ubansa ya zama sarki. Na biyu ɗan Ishaya ne da kansa, Maher-shalal-hash-baz, a sura 8 aya 3 da 4, inda aka ce kafin yaron ya iya cewa baba da mama za a kwashe dukiyar Dimashƙu da ganimar Samariya a kai wa sarkin Assuriya. Kalaman kusan iri ɗaya ne da 7:16. Ni na fi karkata nan.

Dattijo_Ayuba: Ni ban yarda da wannan cika biyun ba, Pasto ka yi mini haƙuri. Budurwa ta haihu sau biyu kenan a tarihi? Matar Ishaya ai matar aure ce, mace ta yi ciki ta haihu kullum ana yi a kowace unguwa, wace alama ce a nan? Allah yace a roƙi alama mai zurfi kamar lahira ko mai tsayi kamar sama, ba zai dawo ya bada abinda ke faruwa kowace rana ba. Yadda tsofaffin malamanmu suka koya mana, aya 14 Yesu ne kai tsaye babu wani, yaron aya 16 kuma Sheyar-yashub ne da ke tsaye a wurin. In ba haka ba don me Allah yace wa Ishaya ya tafi da yaron?

Yohanna_Billiri: Kai, wannan na Sheyar-yashub ban taɓa jinsa ba, Baba Dattijo kun ba ni abin tunani.

Pasto_Dauda: Baba Dattijo ra'ayinku akwai manyan malamai a kansa, ba zan raina shi ba. Abinda ke hana ni bi shine in mutum ya karanta aya 14, 15, 16 a jere babu inda aka nuna an sauya yaro, yaro ɗaya ake ta magana a kansa.

Ɗan_Wusasa: Kan maganar budurwa da Baba Dattijo ya kawo, dole a faɗi abu ɗaya tunda yaran Malama za su ci karo da shi a intanet ko muna so ko bama so. Kalmar Ibrananci a wurin tana nufin yarinyar da ta isa aure, ita aka yi amfani da ita a kan Rifkatu a Farawa 24:43, kuma Rifkatu bata san namiji ba a lokacin. Yahudawan Iskandariya da suka juya Ishaya zuwa Helenanci tun kafin a haifi Yesu da fiye da shekara 100, kalmar budurwa suka zaɓa, wannan juyin Matiyu ya ɗauko. Saboda haka masu cewa Kiristoci ne suka sauya ayar basu yi adalci ba, masu cewa kuma kalmar bata da wata ma'ana sai budurwa suma sun zarce.

Katikis_Bitrus: Mu a Katolika Ishaya 7:10-14 muke karantawa a Lahadi ta huɗu ta lokacin jiran zuwan Ubangiji a shekarar da ake bin Matiyu, sannan a Mas na tsakar daren Kirsimeti a karanta Ishaya 9. Kuma ina ganin amsar Malama tana cikin wannan haɗin. Kada a yanke sura 7 ita kaɗai, a karanta daga 7 har 11. A 8:8 ana kiran ƙasar Yahuza ƙasar Immanuwel, ɗan annabi kuwa bashi da ƙasa. A 9:6-7 an haifa mana yaro, mulki a kafaɗarsa, ana kiransa Allah Maɗaukaki, Uba Madawwami, Sarkin Salama, zai zauna a kursiyin Dawuda har abada. A 11:1 toho zai fito daga kututturen Yesse, kututture fa, wato bayan an sare itacen gidan Dawuda. Ishaya da kansa ne yake ta ɗaga yaron sama sama har ya wuce duk wani sarki da aka yi a Yahuza. Hezekiya sarki ne nagari amma ya mutu, ɗansa Manassa kuma kowa ya san ɓarnar da ya yi.

Malama_Rifkatu: Allah ya saka Katikis, wannan na 8:8 ban lura da shi ba sam.

Hajaratu_ZM: Ni dai na fi son Mika 5:2 don shi babu kwana kwana. Ya ambaci sunan gari, Baitalami Efrata, ƙarama a cikin dangogin Yahuza amma daga cikinta mai mulkin Isra'ila zai fito wanda asalinsa tun daga dā ne. A zumuntar mata shi muke sa wa a waƙa duk shekara. Mika kuma zamaninsu ɗaya da Ishaya, shi ma ya ga Ahaz.

Pasto_Dauda: Haka ne Mama. Kuma akwai wata Baitalami a yankin Zabaluna a arewa, Joshuwa 19:15, ba nisa da Nazarat, shi yasa Efrata ɗin nan yana da amfani, ta Dawuda ake nufi. Sannan Yahudawa da kansu sun ɗauki ayar a kan Almasihu, juyin Aramiyanci da ake karantawa a majami'unsu ya sa sunan Almasihu ƙarara a wurin, shi yasa da Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura a Matiyu 2 basu yi wata wata ba suka ce Baitalami.

Mama_Saratu_JP: Salama 'ya'yana. Tunda an zo Baitalami bari in sa baki, gani ya kori ji. Shekarar da muka je ziyara, daga Urushalima zuwa can tafiyar kamar kilomita 10 ce kawai, amma sai an bi ta shingen sojoji saboda garin yana hannun Falasɗinawa, ga katanga doguwa. Cocin Haihuwa ƙofarsa gajeriya ce sosai, babba da yaro, bishop da talaka, dole ka sunkuya kafin ka shiga. A ciki ga ginshiƙai jajaye jere jere, fitilu rataye ko'ina, ƙamshin turare, sai a bi layi a sauka 'yan matakala masu santsi zuwa kogo a ƙarƙashin bagade. A ƙasa akwai tauraro na azurfa mai tsini 14, nan ake cewa aka haife shi, kowa ya durƙusa ya taɓa, masu tsaro suna ta cewa a yi sauri saboda mutanen baya. Ni da na durƙusa Mika ne ya zo mini a zuciya, nace ashe garin nan na gaske ne, ƙasa ce ake takawa, mutane na sayar da burodi a bakin hanya. Da muka fito kuma ga masallaci a ɗaya gefen filin ana kiran salla, mai yi mana jagora Balarabe ne Kirista ɗan garin, yace tun zamanin sarki Kustantin aka fara gina cocin. Ban iya muhawara irin taku ba, abinda na gani kenan.

Godiya_Kaf: Amin Mama, Allah ya kai mu muma.

Ɗan_Wusasa: Mama Allah ya ƙara lafiya. Amma @Hajaratu_ZM ko Mika ma da kwanarsa kaɗan, ki ci gaba zuwa aya 5 da 6 za ki ga ana maganar Assuriya in ta shigo ƙasar. Sannan akwai tambayar da masu suka ke yi, cewa kowa ya san Yesu da Banazare, ko a Yahaya 7:41-42 jama'a sun rabu biyu suna cewa ya za a yi Almasihu ya fito daga Galili alhali Nassi yace Baitalami, kuma Yahaya bai tsaya ya gyara musu ba. Sai kuma ƙidayar Luka 2, inda aka ce an haifi Yesu lokacin ƙidayar jama'a sa'ad da Kiriniyas yake gwamnan Suriya. Hirudus ya mutu shekara ta 4 kafin farkon lissafin kalandarmu, ƙidayar Kiriniyas da ɗan tarihi Yusufus ya rubuta kuma a shekara ta 6 bayan farkon lissafin ce, tazarar kusan shekara 10. Wasu malamai sun ce akwai wata ƙidaya da ta riga wannan, wasu sun ce a karanta ayar da ma'anar kafin Kiriniyas ya zama gwamna, har yau ba a haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Dattijo_Ayuba: Ɗana kai kullum sai ka kawo abinda zai girgiza raunana. Akwai sababbin tuba a zauren nan.

Ɗan_Wusasa: Baba ba don in girgiza kowa ba ne wallahi, ni ma mai bi ne, a coci aka haife ni a coci nake. Gara su ji daga bakinmu da amsa a gefe da su ji a waje ba amsa. Kuma ga abinda ke ƙarfafa ni, Matiyu da Luka labarinsu ya bambanta sosai, ɗaya masana taurari da gudu zuwa Masar, ɗaya makiyaya da komin dabbobi, ko jerin kakanni ma Matiyu ya bi ta Sulemanu Luka ya bi ta Natan, alamar ba kwafar juna suka yi ba, amma duk da haka sun haɗu a kan Maryamu, Yusufu, gidan Dawuda, ciki ba tare da namiji ba, zamanin Hirudus, haihuwa a Baitalami, girma a Nazarat. Shi kuwa Yahaya salonsa ne ya bar mutane su faɗi abinda mai karatu ya riga ya san amsarsa.

Yohanna_Billiri: Tsaya, Hirudus ya mutu kafin haihuwar Almasihu da shekara 4 kuma shi ya nemi kashe shi? Ban gane ba.

Katikis_Bitrus: Kalandar ce ta zame ɗan'uwa. Wani ɗan zuhudu mai suna Diyonisiyus ne ya tsara lissafin a Roma a shekara ta 525, ya kuskure da 'yan shekaru. Yawancin masana suna sa haihuwar tsakanin 6 da 4 kafin farkon lissafin. Ita ma 25 ga Disamba ba a Littafi take ba, rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin a ranar daga Roma ne wajen 336, Kibɗawan Masar da mutanen Habasha kuma 7 ga Janairu suke nasu.

Sani_TudunWada: Salama gare ku. Ni musulmi ne, abokin aikina ya sa ni a zauren nan kuma ina karanta ku da girmamawa. Ina so ku sani mu haihuwar Annabi Isa alaihissalam ba tare da uba ba bama jayayya a kanta ko kaɗan, wanda ya musa ma ya fita daga musulunci. A Ali Imrana aya 45 zuwa 47 mala'iku sun yi wa Nana Maryam bushara da shi, da sunan Almasihu Isa ɗan Maryam, ta ce ta yaya zan samu ɗa alhali namiji bai taɓa ni ba. Suratu Maryam ta kawo naƙudar a gindin dabino da yadda ya yi magana yana jariri ya wanke mahaifiyarsa. Inda muka rabu da ku shine mu bama ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa shi ɗan Allah ne, aya 59 ta Ali Imrana tace misalinsa kamar Annabi Adamu ne wanda bashi da uwa bashi da uba. Tambayata, tunda an ce a sa masa Immanuwel me yasa aka sa masa Yesu?

Pasto_Dauda: Malam Sani maraba da kai, mun gode da ladabinka. A Matiyu 1 sunayen biyu suna kusa da juna, aya 21 mala'ika yace a sa masa Yesu domin zai ceci mutanensa daga zunubansu, aya 23 kuma Immanuwel wato Allah tare da mu. A wurin Ibraniyawa irin wannan suna yana faɗin ko wanene mutum, ba lalle da shi za a riƙa kiransa a gida ba, Sulemanu ma annabi Natan ya sa masa Yedidiya a 2 Sama'ila 12:25 amma ba wanda ke kiransa haka. Matiyu ya buɗe littafinsa da Allah tare da mu, ya rufe da Yesu yana cewa ina tare da ku kullum har matuƙar zamani. A nan bangaskiyarmu take, kuma na san a nan muka rabu.

Emma_Sabongari: Malam Sani in kun yarda Almasihu ne to ku karɓe shi mana, me ya rage?

Admin_Zaure: Emma a bi a hankali. Baƙo ya yi tambaya cikin mutunci an amsa masa cikin mutunci, kada mu mai da wurin nan filin ja-in-ja. A koma kan tambayar Malama.

Sani_TudunWada: Ba komai Admin, na gode Pasto, na fahimci yadda kuke kallonsa ko da ban tafi a kai ba.

Ishaku_Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan muna shirin Nowel, wato Kirsimeti, matasanmu ma irin tambayoyin da suke kawowa kenan, har wani yace wai Kiristoci ne suka rubuta annabce-annabcen daga baya suka cusa a Tsohon Alkawari. Na ba shi labarin naɗaɗɗun littattafan da makiyaya suka tsinta a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, a ciki akwai littafin Ishaya cikakke, sura 66, a kan fata mai tsawon fiye da mita 7, an rubuta shi sama da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, yanzu haka yana gidan adana kayan tarihi a Urushalima. Sura 7 da 9 da 11 da 53 duk suna ciki. Mutum yana iya musun fassararmu amma ba zai ce mu muka rubuta ba.

Godiya_Kaf: To ni abinda ke ɗaure mini kai, in annabcin a fili yake haka me ya hana Yahudawa karɓarsa? Littafinsu ne fa.

Pasto_Dauda: Kada mu manta Maryamu, Yusufu, Saminu da Hannatu da suka tarbe shi a Haikali, manzanni duka, Bulus, dukansu Yahudawa ne. Amma yawanci basu karɓa ba, kuma dalilinsu daga Littafin suke ɗauko shi. Ishaya 2:4 da Mika 4:3 sun ce za a mai da takuba garemani, al'umma ba za ta ƙara koyon yaƙi ba, Ishaya 11 yace kyarkeci zai zauna da ɗan rago, a tattaro warwatsattun Isra'ila. Sai su ce ina salamar? Roma ta ci gaba da mulki, a shekara ta 70 ma ta rushe Haikali. Sarki mai 'yantarwa suke jira, shi yasa a tawayen 132 zuwa 135 babban malaminsu Akiba ya ɗauki Bar Kokba a matsayin tauraron da zai fito daga Yakubu na Littafin Ƙidaya 24:17, abin ya ƙare da mummunan kisa. Ko Yahaya Maibaftisma daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu kai ne mai zuwan ko mu sa ido ga wani, almajirai ma har ranar hawansa sama suna tambaya ko yanzu zai mayar wa Isra'ila da mulki. Mu amsarmu ita ce ya zo da fari ya sha wahala kamar yadda Ishaya 53 ya faɗa, sauran kuma sai ya dawo.

Hajaratu_ZM: Wannan na takuba su zama garemani, mu da muka ga abinda muka gani a garuruwanmu, da hawaye muke jiransa. Ya Ubangiji ka zo.

Emma_Sabongari: Annabci sama da 300 Yesu ya cika, wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin kowa.

Ɗan_Wusasa: Emma wannan adadin ya danganta da wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga, kuma ba duka iri ɗaya ba ne. Ka duba guda 5 da Matiyu ya kawo a sura 1 da 2. Mika faɗin abin da zai zo ne kai tsaye. Amma daga Masar na kirawo ɗana, Yusha'u 11:1, ka buɗe ka gani, fitowar Isra'ila daga Masar ake tunawa, abin da ya riga ya wuce. Rahila tana kuka a Rama, Irmiya 31:15, kukan waɗanda aka kwasa zuwa Babila ne, a Rama aka tara su, Irmiya 40:1. Za a kira shi Banazare kuwa babu ayar da ta faɗi haka kalma da kalma, shi yasa Matiyu yace ta bakin annabawa, bai ambaci ɗaya ba. Matiyu ba jahilin Nassi ba ne, ya san duk wannan, masu karatunsa ma Yahudawa ne sun sani. Abinda yake nunawa shine Yesu yana sake taka sawun Isra'ila, Masar, ruwa, jeji kwana 40, dutse, inda suka faɗi shi ya tsaya. In ka gane haka sai ka ga tambayar Malama ma ta sami wurin zama, an cece gidan Dawuda a zamanin Ahaz da alamar Allah na tare da su, sannan Allah ya zo da kansa a cikin gidan.

Dattijo_Ayuba: Maganarka da daɗin ji amma ni tsoro nake ji. In ka ce wa yaro ɗan shekara 14 ayar tana da ma'ana ta farko da ba Yesu ba, rabin farko zai riƙe ya watsar da na biyu. Mu Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 iyayenmu suka karanta mana da fitilar kwai, basu san Tiglat-filesar ba, amma sun mutu cikin bangaskiya.

Malama_Rifkatu: Baba na ji tsoronku kuma ba na wasa ba ne. Amma iyayenmu ba a turo musu bidiyo a waya ana karanta musu aya 16 ana dariya. Abinda nake tunani yanzu, mako na farko mu karanta sura 7 duka da 2 Sarakuna 16 su san waye Ahaz, mako na biyu 8:8 da 9:6-7 da 11:1 yadda Katikis ya jera, na uku Mika da Matiyu 1 da 2. Zan faɗa musu akwai masu bi da ke cewa cika biyu ne akwai masu cewa Yesu ne kai tsaye, duka kuma Yesu suke nunawa. Abinda ban yanke ba shine ko in taɓo maganar ƙidayar Kiriniyas ko in bari sai wani ya tambaya.

Pasto_Dauda: Ki bar ƙidayar sai an tambaya, amma ki shirya mata. Kuma ki nuna wa paston ikilisiyarku tsarin kafin ki fara.

Katikis_Bitrus: Ni da zan ba da shawara a ƙara 2 Sama'ila 7 a farko, in basu san alkawarin Dawuda ba sauran duk zai zama musu ayoyi warwatse.

Dattijo_Ayuba: In za ki kawo ra'ayi biyu to ki kawo na Sheyar-yashub da ƙarfinsa, kada ki ambace shi a gurguje ki wuce. Har yanzu ba wanda ya amsa mini don me aka ce annabi ya tafi da yaron.

Ɗan_Wusasa: Baba sunan yaron ne saƙon, ma'anarsa ringi za su komo, Ishaya 10:21 ya maimaita shi, a 8:18 kuma Ishaya yace shi da 'ya'yan da Ubangiji ya ba shi alamu ne a Isra'ila.

Dattijo_Ayuba: To ai ka ƙara mini hujja kenan ɗana, in yaron alama ne me zai hana ya zama shi ake nunawa a aya 16? Pasto ina jiran ka, ka duba mana ko "kai" ɗin aya 16, wato wanda ake wa magana a wurin, mutum ɗaya ne ko jama'a, don na aya 14 ka ce jama'a ne.

Yohanna_Billiri: Nima ina jira. Kuma in an gama wannan don Allah wani ya buɗe mana Daniyel 9, bakwai saba'in ɗin nan, an ce har lokacin zuwansa aka lissafa a ciki amma duk wanda na tambaya lissafinsa daban.